Agogon Lonnie Kucera da Shanun Surukinsa

Ranar Juma'a, goma sha biyu ga Janairu, da ƙarfe bakwai da minti ashirin da shida na yamma, a zauren wasan garin Stoll, wata yarinya mai lamba huɗu a riga ta tsallako tsakiyar fili da ƙwallo, ta tsaya, ta ɗora ta a ƙugu kamar wadda aka ba riƙon jariri, ba ta sake motsi ba. Na san lokacin domin ni ne mai rubuta maki na 'yan matan sakandaren Venner shekara arba'in da ɗoriya, kuma sistocin mishan da suka koya mini rubutu sun koya mini in dubi agogo kafin in buɗe baki.

Minti shida ta yi a tsaye. 'Yan matanmu suna ƙarƙashin kwando suna jira ta shigo, ita tana jira su fito. Babu dokar da ta hana. Wani dattijo ya fita ya sayi gugguru, ya cinye, ya dawo ya tambaye ni abin da ya wuce shi. Na ce babu.

An tashi Stoll sha ɗaya, Venner takwas. Darcy Kucera, 'yar wasanmu wadda ta saba zuba maki ashirin da wani abu a kowane wasa, ta tashi da huɗu.

Da wata shekarar ce da an yi tsaki an manta. Amma wannan ce shekarar Darcy ta ƙarshe, kuma wata mata mai horar da 'yan wasa a wata kwaleji can gabas ta yi alkawarin za ta zo ta gan ta, sau ɗaya, ranar Asabar uku ga Fabrairu. In wasan yarinyar ya burge ta, Darcy ta sami gurbin karatu. In bai burge ta ba, akwai aiki a shagon abincin dabbobi. Ranar uku ga Fabrairu kuwa Stoll ce za ta zo mana.

Uban Darcy shi ne Lonnie Kucera, mai gyaran famfunan iska da ke jawo wa shanu ruwa. A wannan aikin ba shi da laifi sosai. Matsalarsa ita ce ya ɗauka duk abin da ke da waya a duniya ƙanin famfo ne.

Washegari da safe muka haɗu a shagon kofin Gwaggo Dot. Gwaggon Lonnie ce ta jini, sauranmu mun ari sunan ne kawai. Kocin Stoll, Orval Pruitt, yana zaune a kusurwa, domin shagon kofin garinsu ya rufe tun shekarar da aka ɗauke musu gidan waya.

Lonnie bai cire hula ba ya fara. "Abin da ka yi jiya ba ƙwallon kwando ba ne, Orval. Zaman makoki ne. Zaman makoki ma ana ba mutane abinci."

"Wa ya ci?" in ji Pruitt.

"Ba maganar ci ake yi ba."

"Cyprian, wa ya ci?"

Na ce Stoll, da maki uku.

"To ka ji." Pruitt ya kurɓi kofi. "'Yan mata shida gare ni, Lonnie. Ɗaya tana da asma. Ɗaya ta shigo ne don uwarta ba ta tashi aiki sai biyar. So kake in sa su tsere da 'yarka? In ba ka da ƙafa, sai ka yi haƙuri da tsayuwa. Shi kaɗai ne makamin ƙaramar makaranta."

"Shi ya sa manyan garuruwa suka sa agogon jifa! Daƙiƙa talatin da biyar. Ko ka jefa, ko a ƙwace a ba wasu. Shi ke nan, an gama da irinku."

Gene Lindahl, wanda shi ne shugaban 'yan kwana-kwanan garinmu kuma alƙalin wasa in ba a sami na nesa ba, ya ce, "Wa zai sayo? In an sayo wa zai zauna yana dannawa? Mu da mai yagar tikiti a ƙofa ma sai mun roƙa a coci."

"Sayowa?" Lonnie ya yi dariya. "Wa ke sayen agogo? Lambobi ne da waya da abin ƙara. Ni zan ƙera, ni zan danna."

Gwaggo Dot ta ajiye butar kofi a hankali. Kowa a wurin ya tuna ƙofar garejin coci da Lonnie ya gyara, wadda har yau take buɗe kanta in maƙwabci ya kunna talabijin.

Pruitt ya dube shi da kyau. "Kai da kanka za ka ƙera? Da hannunka?"

"Da waɗannan biyun."

"Ba wanda zai taimake ka?"

"Taimakon me?"

"To na yarda," in ji Pruitt. "Ranar Asabar ɗin a buga da agogonka."

Da Lonnie mutum ne mai lura, da saurin yardar nan ya hana shi barci. Amma sai ya zagaya teburori yana gaisawa da mutane kamar wanda ya ci zaɓe. Kocinmu, Verna Hasek, ta ce in Stoll ta yarda ita ba ta da ta cewa. Shugaban makaranta ya sa hannu domin bai sami dalilin ƙi da sauri ba.

Darcy ce kawai ta yi magana. A gabana ta same shi a bakin zaure.

"Baba, don Allah ka bari. In ta riƙe zan fita in ƙwace da kaina."

"Ki bar wa ubanki wannan, 'yata. Ke naki jifa."

"Haka ka ce ranar injin wanki."

"Injin wankin nan ya zo da ciwonsa."

Lambobin ya samo su daga tsohon gidan mai da ya rufe a bakin titi: allon nan mai jan haske da ke nuna farashin galan. Abin ƙirga lokaci kuma ya ciro daga na'urar ɗumama abincin matarsa Paulette, ranar da ta tafi ganin likitan haƙori. Ranar Laraba ya rataye allon sama da kwando lokacin atisaye, muka taru mu gani, domin a watan Janairu babu wani abin gani a Venner.

Allon ya kama. Ya nuna talatin da biyar, a gefe kuma ga ƙaramin tara bisa goma ɗin nan da kowane farashin mai ke ɗauke da shi.

"Wannan fa?" in ji Koci Hasek.

"Ado ne. Ba ya cirewa."

Lambobin suka fara sauka. Gene ya cire hula ya dafe ƙirji. "Jama'a, mai yana sauka. Ban taɓa zaton zan ga wannan rana ba."

"Sha tara!" wani ya ce daga baya. "Lonnie, tsayar da shi nan, bari in kawo motata!"

Lonnie bai kula su ba. Ya ɗaga hannu sama. Uku, biyu, ɗaya. Allon ya tsaya a kan tara bisa goma. 'Yan mata suka ci gaba da gudu.

"Ya yi?" in ji Koci Hasek.

"Ya yi mana. Ya ce ting."

"Wa ya ji?"

Darcy ta tsaya da ƙwallo a hannu. "Ni na ji. Baba, abincinka ya yi zafi."

Daren nan, in ji Gwaggo Dot, Paulette ta ba shi miya mai sanyi, ta zauna tana kallonsa har ya shanye.

Gene ya gaya masa cewa ƙarar agogon jifa dole ta fi ta jama'a, kuma dole ta bambanta da ƙahon tashi daga wasa, don kada a rikice. Lonnie ya ce wannan ai shi ne mafi sauƙi a ciki.

Kowane mai kiwo a nan yana da 'yar jiniya a kan a-kori-kurarsa. Da sanyi in ya shiga makiyaya da abinci sai ya kunna, shanu su taho da gudu daga bayan tuddai. Kowane garke ya san muryar tasa. Makiyayar Wade Sorrel, ƙanin Paulette, ta fara ne daga bayan filin makaranta. Lonnie ya ari jiniyar Wade ranar Litinin. Wade ya sami labarin aron ranar Talata.

Ranar Talatar, lokacin atisaye, an buɗe ƙofar baya saboda zauren ya yi zafi. Allon ya sauka zuwa tara bisa goma, jiniya ta yi kuka, kowa ya ji. Lonnie ya juyo yana murmushi.

"Ting, ko? Wa ke maganar ting yanzu?"

Ya sake gwadawa sau biyar don kada a ce sa'a ce.

A na shida ƙasa ta fara rawa. Na fita na duba. Shanun Wade, baƙaƙe, ɗari biyu da 'yan kai, sun kwantar da shingen waya sun cika wurin ajiye motoci. Ɗaya tana lasar madubin motar shugaban makaranta. Wata tsohuwa mai ƙaho ɗaya ta sa kai ta ƙofar baya, ta tako har layin jifa, ta tsaya tana duban Lonnie.

Wade ya iso cikin ƙura, ya sauko bai rufe ƙofar mota ba.

"Lonnie. Ina jiniyata?"

"Sannu da zuwa, suruki. Ai na bar maka saƙo."

"A ina?"

"A zuciyata na yi niyya."

"Shanuna sun yi gudun mil biyu da ciki, sun zo makaranta, ba a ba su komai ba. Ka san abin da ke faruwa in ka yi wa saniya ƙarya? Gobe in na kira ba za su zo ba."

"To ka ba su mana."

Haka aka yi, domin babu wata hanya. Wade ya zuba musu abinci a nan wurin ajiye motocin, tsakanin motar makaranta da kwandon shara, suka ci suka ƙoshi. Ni dai na tsaya ina kallo, na ce a raina an koya wa shanu ɗari biyu cewa akwai abinci a makaranta. Ban faɗa ba. Ba a tambaye ni ba.

Shugaban makaranta ya hana duk wani gwaji daga ranar. A shagon Gwaggo Dot kuwa in Lonnie ya shigo sai a ji wani ya yi kukan saniya cikin kofinsa.

"Ku yi dariyarku," in ji shi. "Duk wanda ya ƙera abu an yi masa dariya."

"Da yawansu dariyar ta dace," in ji Gwaggo Dot. "Za ka ci ƙwai ko za ka yi jawabi?"

"Na sami muryar da ta dace, Gwaggo. Babu saniyar da ta mallake ta."

"Ka gwada?"

"Gwaji na masu shakka ne."

Ya ƙi faɗin abin da ya samo. Sai daga baya muka sani. A bayan ofishin kwana-kwana akwai wata rumfa, a cikinta tsohuwar jiniyar gari take kwance tun da aka sa sabuwa a kan hasumiyar ruwa. Lonnie ya taɓa zama ɗan kwana-kwana kafin a hutar da shi, kuma ba wanda ya tuna ya karɓi makulli. Ya ɗauko jiniyar, ya ɗauko dogon tsanin da ke jingine kusa da ita. Da ya ga girmanta sai ya yi tunani, sau ɗaya a duk wannan aiki, cewa za ta iya kurmantar da yara a cikin zaure. Don haka ya hau da ita kan rufi ta tagar sama, ya haɗa ta da batirin tarakta, domin ƙarar ta shigo a hankali daga waje.

A shekarar nan ƙanƙara ba ta sauka ba tun Nuwamba. Ciyawa ta bushe har tana ƙara a ƙarƙashin takalmi, iska kuma ba ta huta ba. Kowa yana yawo da takalman kashe wuta a bayan mota. A Venner jiniya tana kuka sau ɗaya da tsakar rana, a tafi cin abinci. In ta yi kuka a wani lokacin dabam, duk mai ƙafa ya tashi, ba a tambaya.

Wasan na ƙarfe biyu ne na rana. Zaure ya cika har bakin ƙofa, rabin Stoll sun zo. Gwaggo Dot tana sayar da miyar wake mai yaji da burodin kirfa a baranda. Matar kwalejin, Koci Amundsen, doguwa mai tabarau, ta zauna a bayana da kwanonta, tana duban miyar tana duban burodin, ba ta san wanne ake fara ci ba.

Na ga tsanin a jingine da bango, na ga waya ta bi shi ta fita ta taga.

"Lonnie, ina wayar nan za ta?"

"Cyprian, kai riƙe alƙalaminka. Yau za ka rubuta tarihi."

Gene ya jefa ƙwallo sama. Darcy ta karɓa, kafin allon ya sauka zuwa talatin ta zuba. Zaure ya ɗauki ihu. Stoll suka fito da ƙwallo, mai lamba huɗu ta tsallako tsakiya, ta tsaya, ta ɗora a ƙugu. Ta dubi Pruitt. Pruitt ya naɗe hannuwa a ƙirji.

Lonnie ya miƙe a gefen teburina. Jama'ar Venner suka fara ƙirgawa tare da allon mai.

"Goma! Tara! Takwas!"

"Ki riƙe da kyau, 'yar nan!" in ji Lonnie. "Yanzu za ki ji!"

"Uku! Biyu! Ɗaya!"

Tara bisa goma. Shiru.

Wani ɗan Stoll ya ce, "Ting." Zauren ya fashe da dariya, har namu. Darcy ta sunkuyar da kai. Gene ya dubi Lonnie da usur a baki, bai san ko ya busa ba.

"Waya ce ta saki! Kada kowa ya motsa!" Lonnie ya ruga ya haye tsani, ya cusa kai ta taga, ƙafafunsa suka bi.

Na dubi agogo. Biyu da minti tara.

Tsohuwar jiniya ba ta farawa da ihu. Tana farawa da gurnani can ƙasa, kamar kare a ƙarƙashin mota, sannan ta hau. Ta hau, ta hau, ta sauko, ta sake hawa. Ban ji wannan muryar ba shekara goma sha, amma gashin wuyana ya gane ta.

Dariya ta yanke. Mutane suka lalubi wayoyinsu, amma kowa ya san waya ba ta kamawa a cikin zauren nan.

Gene ya tofar da usur. "Wuta! Kowa mota!"

Alƙali na biyu ya riga shi ƙofa. Koci Hasek ita ke tuƙa motar asibiti, ta jefar da allon rubutunta ta bi su. Shugaban makaranta shi ke jan tankar ruwa. Pruitt, wanda tarin ciyawarsa na shekara ke yamma da gari inda iska ke fitowa, ya tsallake benci kamar saurayi, mazan Stoll a bayansa. Mata suka kwashi yara suka nufi ɗakin taron coci, domin in maza sun tafi wuta sai an tanadi abinci da ruwa. Gene yana wucewa ya ci karo da tsanin.

"Wane mahaukaci ya kawo tsaninmu nan?" Ya kama kai, wani ya kama gindi, suka fice da shi.

Ni ma na miƙe rabi. Sai na tuna sun karɓi hulata ta kwana-kwana tun ina saba'in da biyar, aka yi mini kek aka tafa. Na koma na zauna.

Bayan minti uku jiniyar ta mutu. Lonnie ya fizge wayar da hannu. Zauren ya yi shiru irin na cocin ranar Litinin. Riguna a kan benci, gugguru a ƙasa.

Mai lamba huɗu tana nan inda take, da ƙwallo a ƙugu. Ta dubi bencinsu. Ba kowa sai yarinyar nan mai asma.

Darcy ta ce, "Lacey, za ki riƙe ta har bikin Ista?"

"Hannuna ya gaji tun Janairu," in ji Lacey.

"To?"

Lacey ta sake duban ƙofa. Daga nan inda take, taku biyu bayan layin maki uku, ta ɗaga ta jefa. Ƙwallon ba ta taɓa ƙarfe ba. Raga kawai ta motsa.

"Kai!" in ji Darcy. "Dama kin iya?"

"Ba a taɓa tambayata ba."

Darcy ta ɗauki ƙwallo ta ruga, sauran suka bi ta.

Koci Amundsen ta taɓa kafaɗata. "Yi haƙuri, Baba. Gobara ce? Mu fita?"

Na nuna mata tagar sama. Fuskar Lonnie tana manne da gilashi, bakinsa yana buɗewa yana rufewa, ba a jin komai.

"Wancan ne gobarar," na ce.

"Wasan ya tsaya ke nan?"

"A doka, in babu alƙali babu wasa."

"To me kake rubutawa?"

Na duba. Hannuna ya riga ya sa wa Lacey uku, ya sa wa Darcy biyu. Na ce mata al'ada ce.

Minti arba'in suka yi. Ba koci, ba usur, allon mai yana tsaye a tara bisa goma. In wata ta bugi wata sai ta ɗaga hannu da kanta. Da mai lamba goma ta gaji, mai asma ta shiga, ta zuba biyu ta fita tana dariya tana haki. Darcy ta yi abubuwan da na san ta iya, ta yi waɗanda ban sani ba. Sau ɗaya ta miƙa ƙwallo ta bayanta ba ta duba ba, matar kwalejin ta ajiye burodin kirfa, ba ta sake ɗauka ba. A taga kuwa bakin Lonnie ya daina motsi. Ban taɓa ganinsa yana kallon 'yarsa da baki a rufe ba.

Abin da ya faru a waje Gene ne ya ba ni labari. Sun isa ofis suka ta da motoci uku, ba wanda ya san inda wutar take. Sai wani ya hango hayaƙi yana tashi a arewa maso yamma. Suka nufe shi da jiniyoyinsu a kunne. Ba hayaƙi ba ne. Ƙurar shanun Wade ce, waɗanda suka ji kira daga makaranta, ba muryar da suka sani ba amma daga inda aka taɓa ba su abinci, suka taho ta hanyar tsakuwa. Da suka ga motoci uku masu jiniya sun zo tarye su sai suka yi murna. Suka kewaye su. Gene ya ce ya yi shekara ashirin yana kashe wuta, bai taɓa zama a cikin jar mota saniya tana lasar gilashinsa ba.

Da ƙarfe uku saura biyar suka dawo, a hankali, motoci a gaba, shanu a baya, mata suna fitowa daga coci da tiren burodi. Gari duka ya tsaya a wurin ajiye motoci ya ɗaga kai. Lonnie yana tsaye a bakin rufi, jiniya a gefensa, waya a hannunsa.

Gene ya ɗauki lasifika. "Lonnie. Ina wutar?"

"Kun ji ƙarar ko ba ku ji ba?"

"An ji ta a Stoll."

"Ta bambanta da ƙahon tashi ko ba ta bambanta ba?"

Gene ya sauke lasifikar.

"To agogo ya yi aiki! Sai ɗan gyara. Ku miƙo tsani."

"Wane tsani?" in ji Wade. "Wanda ka ara ba ka bar saƙo ba?"

Paulette ta matso gaba da tire a hannu. "Gene, akwai dokar da ta ce sai an sauko da shi yau?"

Gene ya ce bai san da ita ba. Aka ɗaga hannu aka amince ya zauna a can har a mayar da shanu a gyara shinge.

Pruitt ya shigo zauren da ƙura har gira. 'Yan matan suna zaune a ƙasa, na Stoll da namu a cuɗe, suna shan ruwa.

"Cyprian, me aka yi nan?"

Na juya masa littafin. Venner hamsin da biyu, Stoll arba'in da bakwai. Darcy talatin da ɗaya.

"Arba'in da bakwai? 'Yan matana?"

"Lacey sha tara."

Ya zauna a kan benci. Ya daɗe yana duban Lacey, ita kuma tana duban takalmanta.

"Ba a lissafa shi ba, ko?"

"Ba a lissafa ba."

"Madalla," in ji shi. Amma bai maido mini littafin da wuri ba.

A watan da ya biyo baya makarantun yankinmu shida suka ƙi agogon jifa da murya ɗaya. An ce ba a yi muhawara ba. Wani ya ambaci sunan Venner, aka wuce zuwa maganar tayoyin mota.

Ga waɗanda suka rage a zauren ranar, daga biyu da minti goma sha biyu zuwa uku saura biyar, domin tun daga lokacin mutum sama da ɗari sun ce da idonsu suka gani:

Ni, Cyprian, a teburina.

Gwaggo Dot, wadda ta ce ta san ɗan ƙaninta, ba za ta bar miya a wuta saboda shi ba.

Tsoho Emil Novy a layi na uku, wanda ya kashe na'urar ji da ke kunnensa tun kafin a fara, ya kuma ce shi ne wasa mafi natsuwa da ya taɓa kallo.

'Yan matan Stoll shida. Lacey tana jifa yanzu. Pruitt yana kau da kai in ta ɗaga hannu, amma ba ya hanawa.

'Yan matanmu takwas, da Darcy a cikinsu. Ta tsaya ranar. A watan Agusta ta tafi kwaleji.

Koci Amundsen, wadda ba ta san ma'anar jiniya ba, shi ya sa ba ta tashi ba. Ta tambaye ni yadda ake rubuta Kucera, na rubuta mata da hannun da sistoci suka koya mini.

Da Lonnie Kucera, in rufi yana cikin zaure. Har yau yana cewa agogonsa ne ya kai 'yarsa kwaleji, kuma na duba maganar ta kowace fuska ban sami inda zan ƙaryata shi ba. Yana zuwa wasa duk Asabar, ya zauna a bayana, ba ya ihu. Allon man yana rataye a garejinsa, a kunne. Ya gyara shi yana ƙirga kwanakin da suka rage Darcy ta dawo hutu. Ko ranar da take gida, akwai sauran tara bisa goma.